Hazem El Masri: ya taɓa fin kowa cin maki a zari-rugar Ostiraliya, amma sau biyu kacal aka kira shi babban wasa

Akwai wani lissafi a zari-rugar Ostiraliya da in ka kalle shi sai ka ga kamar an yi kuskure wajen rubutawa. Mutum ya buga wa kulob ɗaya wasa 317, ya ci maki 2,418, ranar da ya ajiye takalmi a 2009 babu mahaluƙin da ya taɓa tara haka tun da aka fara babbar gasar ƙasar, wadda yanzu ake kira NRL, a 1908, amma wai duk kaka 14 ɗin da ya yi yana bugawa sau ɗaya tak ya saka rigar ƙasar Ostiraliya, sau ɗaya kuma ya buga wa jiharsa New South Wales a State of Origin, wato karawar da take yi da jihar Queensland duk shekara, shi ma sai da wani ya ji ciwo aka ce to a kira shi. Sunansa Hazem El Masri, magoya bayan Canterbury-Bankstown Bulldogs suna ce masa El Magic. Na san da yawanmu da jin sunan za mu ce ai shikenan, Balarabe ne Musulmi, wariya ce kawai. Ni dai ina ganin maganar ta fi haka zurfi, kuma sai ka fahimci yadda ake tara maki a wasan nan kafin ka gane abin da ya same shi.

Da farko zari-ruga iri biyu ce, lig da yuniyan, El Masri kuma lig ya buga. A 1895 ne kulob 22 na arewacin Ingila suka taru a wani otal a Huddersfield suka ɓalle daga hukumar da ke Landan, kuma kuɗi ne ya raba su. 'Yan wasan arewa leburori ne, masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa, ranar Asabar ranar aiki ce, in ka bar aiki ka tafi wasa an yanke maka albashi, kulob ɗin suka ce bari mu riƙa mayar musu da abin da suka rasa, manyan Landan suka ce a'a wasa ba sana'a ba ce. Waɗanda suka ɓalle su ne suka zama lig, daga baya suka rage 'yan wasa zuwa 13 maimakon 15 suka gyara dokoki don wasan ya yi sauri, tunda ɗan kallo ne ke biyan kuɗin ƙofa dole ya ga abin da ya biya. A Ostiraliya, jihohin New South Wales da Queensland, lig ɗin nan shi ne wasan talaka, kuma yammacin birnin Sidni inda baƙi da 'yan ƙwadago suke zaune nan ne cibiyarsa.

Dokar a taƙaice: ka ɗauki ƙwallo ka ruga, ba a miƙa ta gaba da hannu sai baya, in aka kayar da ku sau shida kun rasa ta, shi ya sa bayan kayarwa ta biyar yawanci sai a doka ta da ƙafa. In ka dire ta bayan layin abokan hamayya, wato tirai, maki 4 ne. Daga nan sai a ba ku bugun ƙari, a kafa ƙwallo a ƙasa a doka ta ta bi tsakanin sanduna ta saman sandar kwance, maki 2. Fenariti ma maki 2. To ga inda gizo ke saƙa: bugun ƙarin nan ba a tsakiya ake yin sa ba, ana yin sa ne a kan layin da ya yi daidai da inda aka dire ƙwallon. In an dire a ƙarƙashin sanduna ko yaro zai ci. In an dire a kusurwa, to daga bakin layin gefe za ka buga.

El Masri a Tirifoli ta Lebanon aka haife shi, ba ta Libiya ba, ranar 1 ga Afrilu 1976, shekara ɗaya da ɓarkewar yaƙin basasar ƙasar, don haka duk ƙuruciyarsa cikin yaƙi ya yi ta. A 1988 iyayensa suka yi ƙaura zuwa Sidni. Yaron ƙwallon ƙafa ya sani kamar kowane yaro a Lebanon, kuma ita ya ci gaba da bugawa, sai da ya yi nisa a sakandare a Belmore Boys High sannan ya koma zari-ruga, alhali sa'o'insa tun suna shekara shida bakwai suke cin ƙasa a wasan. Belmore ɗin nan kuwa nan ne gidan Bulldogs, tashar jirgin ƙasa ɗaya ce tsakaninta da Lakemba inda babban masallacin 'yan Lebanon yake. Kulob ɗin suka gan shi a wasan makaranta suka ɗauke shi, ya fara buga wa manya a 1996.

Abin da mutane ke mantawa shi ne shekara biyar ya yi a kulob ɗin ba shi ne mai bugu ba. Akwai Daryl Halligan ɗan Niyuzilan, wanda shi ne mutum na farko da ya haye maki 2,000 a gasar, kuma ba a karɓe wa irin wannan mutum aikinsa. Sai da Halligan ya yi ritaya a ƙarshen 2000 sannan aka miƙa wa El Masri. Ka ga kenan mafi yawan makin nan a kaka tara kacal ya tara su. A cikin taran nan sau shida shi ne ya fi kowa maki a gasar, a 2003 ya yi bugu 35 a jere ba tare da ya ɓarar da ko ɗaya ba, a 2004 ya ci maki 342 a kaka ɗaya, tirai 16 da bugu 139.

Ƙafar ƙwallon ƙafar nan ita ce jarinsa. Da can 'yan Ostiraliya da tsinin takalmi suke buguwa, mutum ya ja da baya a miƙe ya zo ya soka wa ƙwallon yatsu, manya irin su Mick Cronin da Mal Meninga haka suka yi zamaninsu. Salon zuwa ta gefe a doka da cikin ƙafa daga baya ya mamaye wasan, kuma wanda ya tashi yana buga firikik a ƙwallon ƙafa ai bai buƙatar a koya masa yadda ake lanƙwasa ƙwallo a iska. A duk tsawon wasansa a cikin bugu goma yana cin sama da takwas.

Bari mu tsaya a bugu ɗaya don ka ga wahalar abin. A 2002 Bulldogs sun je Newcastle, gidan Knights, kulob ɗin shahararren ɗan wasan nan Andrew Johns, an ba su 19 da nema, suka dawo a hankali a hankali, a daƙiƙar ƙarshe suka dire ƙwallo can a gefe, ci ya zama 21 da 20, an busa jiniyar tashi, bugun ƙari kawai ya rage. Faɗin filin mita 68 ne, wato daga layin gefe zuwa tsakiyar sanduna mita 34 kenan, kuma ba za ka tsaya kusa da layin gida ba don daga nan sandunan biyu sai su haɗe maka kamar sanda ɗaya, dole ka ja baya mita ashirin da wani abu don ƙofar ta ɗan buɗe, sai nisan ya koma wajen mita 40, ratar sandunan kuma mita biyar da rabi ce kacal wacce daga wannan kusurwar take ƙara matsewa. Ga iska tana kaɗawa, ga 'yan kallon gida a bayan ƙeyarka taku kaɗan suna maka ihu, ga ƙwallon ba zagayayya ba ce, in ka same ta ba daidai ba sai ta yi ta wulwulawa ta bi wani gefen. A irin wannan yanayin ba sanduna ake nufa ba, waje ake nufa a bar iska da lanƙwasar ƙafa su dawo da ita. Ya buga ta shiga, 22 da 21. Har yau in ana lissafa manyan bugu a tarihin gasar sai an ambaci wannan.

Abin takaicin kuma wannan kakar ce aka kama kulob ɗin da ha'inci. Gasar NRL tana da iyakar albashi, kowane kulob akwai adadin da ba zai wuce ba wajen biyan 'yan wasansa, a lokacin dalar Ostiraliya miliyan 3.25 ne a shekara, manufar ita ce kar masu kuɗi su kwashe gwanaye su bar sauran kulob da ƙashi. Shugabannin Bulldogs suka riƙa biya ta bayan gida, aka gano, aka zare musu maki 37 na teburi aka ci su tarar dala 500,000, ƙungiyar da ta ci wasa 17 a jere ta wayi gari a ƙasan teburi. Shi kuma El Masri shekara ɗaya kafin nan South Sydney sun yi masa tayi mai tsoka ya ƙi ya zauna a Belmore.

Yanzu mu fasa lambar nan ta 2,418. Tirai 159 ya ci, in ka ninka da huɗu 636 kenan. Bugu 891, in ka ninka da biyu 1,782. Wato kusan kashi uku cikin huɗu na makinsa daga ƙafa suka zo. Kuma mai bugu ba ya samun bugu sai abokan wasansa sun ci tirai ko sun jawo fenariti, shi ya sa ba za ka kwatanta "wanda ya fi kowa maki" a zari-ruga da "wanda ya fi kowa ƙwallaye" a ƙwallon ƙafa ba. Bulldogs na wancan lokacin suna da ƙarti a gaba, su Steve Price da Willie Mason da Mark O'Meley da Andrew Ryan, daga baya ga matashi Sonny Bill Williams, su ke murƙushe mutane shi kuma ya zo ya ƙara biyu biyu. Wanda ya karya tarihin nasa a 2019, Cameron Smith na Melbourne Storm, shi ma ta wannan hanyar ce, ya gama da maki 2,786 amma wasa 430 ya buga kuma tirai ɗinsa bai kai 50 ba. A nan ne nake ganin ana rage wa El Masri daraja, don tirai 159 ba wasa ba ne, ya wuce na Terry Lamb ya zama tarihin kulob ɗin, ko da bai taɓa buga ƙwallo da ƙafa ba za a san da zamansa a matsayin ɗan gefe.

A wasan ƙarshe na 2004 ma da hannu ya ci musu kofi. Sydney Roosters suna gaba 13 da 6 aka tafi hutun rabin lokaci, aka dawo Matt Utai ya ci, sannan El Masri ya karɓi ƙwallo dab da layi aka rirriƙe shi ya miƙa hannu ya dire, aka tashi 16 da 13, Roosters ba su ƙara ko maki ɗaya ba a zagaye na biyu.

To me ya sa masu zaɓen 'yan wasan jiha da na ƙasa suka yi ta tsallake shi? Dalili na farko, a zari-ruga ba a ɗaukar mutum don bugu kawai. Ba kamar ƙwallon Amurka ba ce inda mai bugu zai shigo ya buga ya koma benci, nan minti 80 za ka yi a fili kana kayarwa ana kayar da kai. Shi ya sa koci sai ya fara zaɓar mutum 13 da suka fi kowa a gurabensu, sannan ya duba a cikinsu wa ya iya bugu. Kuma New South Wales ba su taɓa rasa irin wannan ba a zamaninsa. Andrew Johns ko bai iya bugu ba sai an saka shi don shi ke juya wasa, ga shi kuma ya iya. Ryan Girdler ya ci maki 32 shi kaɗai a wasa ɗaya na Origin a 2000. Craig Fitzgibbon ɗan gaba ne mai aiki kamar inji kuma yana bugu. In kana da waɗannan, bambancin da El Masri zai kawo bai fi bugu ɗaya a cikin goma ba, sai koci ya ce to me zan rasa in na saka shi?

Amsar da suke ba kansu ita ce jiki, dalili na biyu kenan. El Masri bai kai mita 1.80 ba, kuma bai cikin masu gudun tsiya. A daidai lokacin ne kuma aikin ɗan gefe ya canza. Da can ɗan gefe siriri ne mai gudu da ke jira a ba shi ya ƙarasa. Sai aka shiga zamanin su Wendell Sailor da Lote Tuqiri, mutane masu tsawon mita 1.90 da ɗoriya da nauyin sama da kilo 100, daga baya ga Greg Inglis da Israel Folau, kuma duka huɗun nan 'yan Queensland ne, wato su ne zai tsaya a gabansu. Aiki biyu ya sa aka koma neman ƙarti. Ɗaya, in aka doko ƙwallo can bayanku, ɗan gefe ne ke ɗaukar karo na farko da na biyu yayin da 'yan gaba suke dawowa suna haki, ana so ya tura mutum uku ya ci mita goma. Biyu, abin da suke kira bam, a kayarwa ta ƙarshe a cilla ƙwallo sama ƙololuwa a kusurwar da ɗan gefe yake, shi yana tsaye yana kallon sama, wani dogo kuma ya taho da gudu ya yi tsalle ta kansa. Duk koci in ya ga gajere a gefe nan zai yi ta aika bam har a tashi. A kulob El Masri yana rufe wannan da karatun wasa, ya san inda zai tsaya, ya san lokacin da zai shigo ya tare fas, amma masu zaɓen Origin sun ɗauka a wancan matakin dabara ba za ta isa ba.

Origin ɗin nan fa ba ƙaramin abu ba ne a wajensu, wasa uku ne a shekara tsakanin jihohin biyu tun 1980 aka fara, kuma da yawa suna ganin ya fi wasan ƙasa da ƙasa zafi. A Yulin 2007 Queensland sun riga sun ci biyun farko, Jamie Lyon ya ji ciwo, aka kira El Masri yana da shekara 31. A Brisbane aka yi, gidan abokan gaba, ya ci tirai ɗaya ya yi bugu uku duk suka shiga, maki 10 cikin 18 nasa ne, aka tashi 18 da 4. Ba a sake kiransa ba. Ni a ganina dalilin masu zaɓen yana da tushe amma sun wuce gona da iri, don wasannin Origin sau da yawa da maki biyu ko huɗu ake rabuwa, na yanke hukunci a 2006 ma 16 da 14 aka tashi, kodayake gaskiya ranar fas ɗin banza ne ya kashe New South Wales ba bugu ba. Ya kamata a ce an gwada shi tun 2003 ko 2004 lokacin yana kan ganiyarsa.

Batun wariya kuwa, hujjar ba ta tsaya da ƙafarta a wajen zaɓe ba. Ostiraliya ta saka shi a wasanta da Niyuzilan a Wellington a Oktoban 2002, shekara ɗaya kacal bayan harin 11 ga Satumba, suka ci 32 da 24. Kafin shi kuma Benny Elias, shi ma haifaffen Tirifoli, ya buga Origin sau 19, duk da dai shi ba Musulmi ba ne. Inda asalinsa da addininsa suka yi masa nauyi da gaske a wajen fili ne. A 2000 wasu samari 'yan asalin Lebanon sun yi wa 'yan mata fyaɗe a unguwannin nan na Sidni, shari'ar ta cika jaridu, wake ɗaya ya ɓata gari, sai ga 11 ga Satumba, sai harin Bali a 2002 da ya kashe 'yan Ostiraliya 88, sai tarzomar bakin tekun Cronulla a Disambar 2005 inda dubban fararen fata suka taru suna farautar duk mai kama da Balarabe. Duk lokacin da irin wannan ya faru, Musulmin da ya fi kowa suna a birnin shi ne wannan ɗan gefen na Bulldogs, ba ya shan giya a wasan da kamfanonin giya ke ɗaukar nauyinsa, yana yawon makarantu yana magana da yara, a 2002 har gasar ta ba shi lambar Ken Stephen ta hidimar jama'a. Sai ya zama kullum shi ake nunawa a ce ga na kirkin, wanda in ka duba da kyau yabo ne da ke ɗauke da zagin sauran.

A farkon 2004 aka zargi wasu 'yan Bulldogs da cin zarafin wata mata a Coffs Harbour, 'yan sanda suka nemi 'yan wasan su ba da samfurin DNA, shi ya ƙi bayarwa don a ganinsa ba shi da alaƙa da abin ko kusa kuma neman ma cin fuska ne. Wasu suka ce ai mai gaskiya ba ya gudun gwaji, wasu suka ce ya yi daidai. A ƙarshe ba a gurfanar da kowa ba. Shi kansa bai tsira ba daga baya, a Oktoban 2015 aka tuhume shi da dukan matarsa ta lokacin, nan take aka dakatar da shi daga aikin jakadancin da yake yi wa gasar, a Maris 2016 kuma masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar.

Azumi ma abin dubawa ne, don ya yi suna da cewa ba ya ajiyewa saboda wasa. Kakarsu daga Maris take zuwa farkon Oktoba. A farkon shekarun 2000 watan Ramadan yana faɗowa Nuwamba da Disamba, mutum zai ce ai ya huta tunda ba a gasa, amma a can lokacin zafi ne da dogon yini, kuma daidai lokacin ne ake atisayen share fage, wanda 'yan wasa suka fi tsana, gudu a rana da ɗaga ƙarfe safe da yamma, shi kuma ko ruwa babu. Da watan ya yi ta matsowa, a 2007 da 2008 da 2009 sai ya faɗo Satumba, lokacin wasannin ƙarshen kaka. Wasansa na ƙarshe 'yan kwanaki bayan ƙaramar salla aka yi shi a 2009, na kusa da na ƙarshe da Parramatta, gaban 'yan kallo sama da 74,000, aka doke su 22 da 12.

Rigar ƙasar da ya fi sakawa ta Lebanon ce. Tawagar a Sidni aka haɗa ta da 'ya'yan baƙi, a wasan neman gurbi a 1999 suka yi wa Maroko 104 da nema shi kaɗai ya ci 48, suka je gasar cin kofin duniya ta 2000 a Birtaniya inda Niyuzilan ta lallasa su 64 da nema, suka sha kashi da ƙyar a hannun Wales suka yi canjaras da Tsibiran Cook. Sai a 2017 Lebanon ta sake zuwa gasar, da su Robbie Farah da Mitchell Moses waɗanda su ma a Sidni suka tashi, suka doke Faransa 29 da 18 a Canberra suka kai kwata fainal, Tonga ta fitar da su 24 da 22.